Kambasbak: Agwagwa Mai Nutso da Rikicin Ƙananan Tafkunan Amurka

A ranar 25 ga Mayu, 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Sackett da Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar, kan wani fili da ke kusa da tafkin Priest a jihar Idaho, inda masu shi, iyalan Sackett, suka so gina gida. Hukuncin ya taƙaita irin dausayoyin da dokar tarayya ke karewa. Ƙarar ba ta shafi tsuntsu ba, amma cikin waɗanda suka fi tayar da jijiyar wuya bayan hukuncin har da maharban agwagwa da masu nazarin tsuntsaye. Wasu suka ce an cire wa dausayoyin ƙasar rigar kariya, wasu suka ce an dai mayar wa manomi haƙƙin gonarsa. Mai karatu daga nesa zai iya rasa inda zai kama zancen. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi rayuwar tsuntsuwa guda wadda ruwan nan ya zame mata komai, wato agwagwar da Amurkawa ke kira kambasbak, masana kuma ke kira Aythya valisineria.

Me ake nufi da agwagwa mai nutso?

Agwagin daji sun kasu gida biyu ta fuskar neman abinci. Akwai masu kiwo a saman ruwa, waɗanda iyakarsu su tsoma kai su ɗaga jela sama. Akwai kuma masu nutso, waɗanda ke ɓacewa ƙarƙashin ruwa gaba ɗaya su tono abinci daga laka. Halittar jikinsu ma ta bambanta. Ƙafafun mai nutso suna can baya kusa da jela, tafin ƙafar mai faɗi, abin da ke ba ta ƙarfin tura jiki ƙasa. Kuɗin wannan baiwar shi ne ba ta iya tafiyar kirki a tudu, kuma ba ta iya zabura ta tashi kai tsaye. Sai ta yi gudu a kan ruwa tana kaɗa fiffike kafin iska ta ɗauke ta. Saboda haka mai nutso ba ta da zaɓin komawa gona ta tsinci hatsi idan tafki ya lalace, kamar yadda wasu agwagi da dinyoyi ke yi.

Kambasbak ita ce mafi girma a danginta na Aythya a Arewacin Amurka. Tsawonta yakan kai santimita 48 zuwa 56, nauyinta kuma daga ƙasa kaɗan da kilo ɗaya zuwa kilo ɗaya da rabi. Toron yana da kai da wuya ja mai duhu, ƙirji baƙi, jan ido, sai baya da gefe farare masu siraran zane kamar saƙar yadin kambas, irin wanda ake takalmi da tanti da shi. Daga nan sunan ya fito. Macen ruwan ƙasa ce mai haske. Alamar da ba ta ɓata ita ce goshin da ya gangaro ya haɗe da dogon baƙin baki ba tare da lanƙwasa ba, kamar gizago a kwance. Da wannan bakin take haƙa laka, galibi a ruwan da zurfinsa bai wuce mita biyu ba.

Gidan kwanci: kududdufai miliyoyi

Yawancin kambasbak ana ƙyanƙyashe su ne a wani makeken fili mai ciyawa da ya ratsa ƙasa biyu: lardunan Alberta, Saskatchewan da Manitoba a Kanada, da jihohin Montana, Dakota ta Arewa, Dakota ta Kudu, Minnesota da Iowa a Amurka. Wasu kuma sukan wuce har Alaska. Faɗin yankin ya haura murabba'in kilomita 700,000. Kimanin shekara 10,000 da suka wuce, tsaunukan ƙanƙarar da suka lulluɓe wurin suka narke, suka bar ƙasar da ramuka miliyoyi. Kowane rami yakan cika da narkakkiyar ƙanƙara da ruwan sama a watan Afrilu da Mayu. Da yawansu ba su kai kadada ɗaya ba, babu rafin da ke shiga, babu wanda ke fita. Amurkawa na yi wa yankin kirari da masana'antar agwagwa, domin a shekara mai ruwa fiye da rabin agwagin nahiyar daga nan suke fitowa.

A nan macen ke gina sheƙarta a kan ruwa. Takan lanƙwaso ganyen ciyayin da suka tsaya a ruwa ta tara su ta yi dandamali, ta shimfiɗa gashin ƙirjinta a ciki. Ɗaya daga cikin ciyayin da ta fi so ita ce wadda mutanen Hadejia da Nguru suka sani da kachalla, dangi ɗaya ne da wadda ta toshe musu hanyoyin ruwa. Takan saka ƙwai biyar zuwa goma sha ɗaya masu launin kore mai duhu, ta kwanta a kansu kwana 24 zuwa 29. Da zarar ta fara kwanci toron ya kama gabansa, ya tafi manyan tafkuna inda zai zubar da gashin fiffike, ya yi makonni ba ya iya tashi. 'Ya'yan suna barin sheƙa kwana ɗaya da ƙyanƙyasa, su ke nema wa kansu abinci, amma sai sun yi kusan wata biyu kafin su tashi sama. Wannan na nufin dole a samu ruwa a kusa tun daga Mayu har Agusta. Ƙaramin kududdufi ya ba ta maɓoya, babba mai daɗewa ya ciyar da 'ya'ya. Idan aka zuƙe ƙananan aka bar manyan kawai, lissafin ya karye.

Wasu halaye biyu na ƙara mata rauni. Na farko, macen takan koma yankin da aka ƙyanƙyashe ta don ta yi nata kwancin, abin da binciken shekaru da yawa a kewayen garin Minnedosa na Manitoba ya tabbatar. Idan ta iso ta tarar da fari, sau da yawa takan haƙura da kwancin shekarar baki ɗaya. Na biyu, tana da 'yar'uwa mai suna Aythya americana, wadda ake kira da jan kai, mai ɗabi'ar zuwa ta saka ƙwanta a sheƙar wata. Sheƙar kambasbak ce ta fi yi wa haka. A kokawar hawa sheƙa wasu ƙwayayen mai gida kan gangara cikin ruwa, sai ta ƙare da renon 'ya'yan wata. Ga kuma hankaki da dangin bodari, da wata dabba mai wayo da ake kira rakun wadda ta bazu arewa a ƙarni na 20, kuma ruwa ba ya hana ta isa sheƙa.

Ciyawar da ta ba ta suna

Masanin tsuntsaye Alexander Wilson ne ya ba ta sunan kimiyya a aikinsa da aka buga a 1814, ya ɗauko shi daga sunan wata ciyawar ƙarƙashin ruwa, Vallisneria americana, mai dogon ganye kamar zare. Idan sanyi ya matso, ciyawar kan tara abinci a wasu 'yan ƙulla-ƙullai cikin laka, kusan kamar yadda aya ke yi a ƙasa. Su ne abincin da kambasbak ke ƙetare nahiya dominsu. Akwai wata ciyawar ta biyu mai irin waɗannan 'ya'yan saiwa da take ci a tafkunan cikin ƙasa.

Taswirar ƙaurarta taswirar waɗannan ciyayi ce. A watan Oktoba da Nuwamba garkuna kan sauka a saman kogin Mississippi kusa da garin La Crosse na Wisconsin, da tafkin St. Clair, da Long Point a bakin tafkin Erie, su yi ƙiba kafin su ƙarasa. Hunturu kuma sukan yi shi a mashigin tekun Chesapeake a gabas, da mashigin San Francisco a yamma, da tafkin Catahoula a Louisiana, wasu har Meziko.

Labarin Chesapeake ne ya fi nuna yadda abin ke aiki. A farkon shekarun 1950 an ƙiyasta kambasbak kusan 225,000 ke yin hunturu a can, kusan rabin duk waɗanda ke nahiyar. Zuwa 1985 sun koma kimanin 50,000. Babban abin da ya jawo raguwar ba bindiga ba ce. Ciyawar ƙarƙashin ruwa tana buƙatar hasken rana ya ratsa ruwa ya same ta. Takin zamani daga gonaki da ƙazantar birane suka kwararo cikin mashigin, gansakuka ta yi yawa, laka ta gurɓata ruwan, haske ya daina isa ƙasa. Sannan a watan Yunin 1972 guguwar Agnes ta kawo ambaliyar da ta binne filayen ciyawar bakin kogin Susquehanna da taɓo. Agwagin da suka rage suka koma cin wasu ƙananan halittun ruwa masu ɓawo biyu, dangin dodon-koɗi. Sun rayu da su, amma garkuna da yawa sun karkata zuwa kwarin Mississippi da gaɓar kudu. A shekarun baya-bayan nan ciyawar ta farfaɗo a wasu sassan saman mashigin bayan an rage ƙazantar da ke shiga, sai dai adadin agwagin bai koma na da ba.

Daga bindigar kasuwa zuwa kan sarki

Ciyawar nan ce kuma ta jawo mata bala'in farko, domin ita ke ba namanta ɗanɗanon da ya sa attajiran New York da Baltimore suka ɗauke ta sarauniyar agwagi a ƙarni na 19. Maharban kasuwa sukan ɗaura wata ƙatuwar bindiga a gaban ƙaramin kwale-kwale, su lallaɓa cikin dare kusa da garken da ke barci, harbi ɗaya ya kwantar da gomomi. Yarjejeniyar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1916 tsakanin Amurka da Birtaniya, wadda ta sa hannu a madadin Kanada, da dokar 1918 da ta biyo baya, su suka kashe wannan kasuwa.

Fari mai tsanani na shekarun 1930 ya nuna cewa hana sayar da nama kaɗai bai isa ba. A 1934 aka kafa dokar da ta wajabta wa duk baligin da zai harbi agwagwa ya sayi kan sarki na musamman kowace shekara. Ya fara a dala 1, tun 2015 yana dala 25, kuma kashi 98 cikin 100 na kuɗin na tafiya wajen saye ko kare dausayi. Ƙungiyar maharba ta Ducks Unlimited ta kafu a 1937 da manufa iri ɗaya. Tun 1955 jiragen sama ke shawagi a kan filayen kwanci duk watan Mayu ana ƙirga agwagi da tafkuna, in ban da 2020 da 2021 da annobar korona ta hana. Daga wannan ƙidayar ake tsayar da yawan da maharbi zai iya kashewa a rana. Adadin kambasbak ya yi ta lilo daga ƙasa da 400,000 a shekarun fari zuwa sama da 800,000 a shekarun ruwa, kuma an rufe farautarta ɗungurungum a farkon shekarun 1960, aka sake rufewa a yawancin ƙasar daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990. A 1991 Amurka ta haramta harsashin dalma wajen farautar tsuntsayen ruwa, Kanada ta bi a 1999, saboda masu tono laka kan haɗiye ƙwayoyin da suka nutse, ƙundu ya niƙe su, gubar ta shiga jini.

A yau ba a lissafa kambasbak cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Amma idan aka gwada da agwagin da ake ƙirga su da miliyoyi, tata ba ta taɓa yawa ba, don haka shekara uku ko huɗu na fari a jere kan bayyana nan da nan a ƙidaya.

Abin da hukuncin 2023 ya canza, da wanda bai canza ba

Dokar Tsaftar Ruwa ta 1972 ta ce ba a cike ko zuba wani abu a cikin "ruwayen Amurka" sai da izinin gwamnatin tarayya, kuma sashen injiniyoyin soja ne ke ba da izinin cike dausayi. Dokar ba ta fayyace iyakar waɗannan ruwaye ba. A kan wannan giɓin aka shafe shekara hamsin ana shari'a.

Daga 1986 hukumomi suka riƙa cewa ko da kududdufi bai haɗu da kogi ba, muddin tsuntsaye masu ƙaura na amfani da shi, to ya shiga ƙarƙashin doka. A 2001 Kotun Ƙoli ta rushe wannan fassara a wata shari'a kan tsofaffin ramukan haƙar yashi a jihar Illinois. A 2006, a shari'ar Rapanos, alƙalan suka rabu ba tare da rinjaye ba, sai aka koma aiki da ma'aunin Mai Shari'a Anthony Kennedy, wato a duba ko dausayin yana da tasiri mai muhimmanci a kan babban ruwan da ke ƙasa da shi. Hukuncin Sackett ya jefar da wannan ma'auni. Yanzu sai dausayi ya haɗu da tabbataccen ruwa ta sama, haɗuwa marar yankewa, har a kasa gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Duk alƙalai tara sun yarda filin da ake ƙara a kai bai shiga dokar ba, amma a kan sabon ma'aunin biyar ne suka goyi baya, Samuel Alito ya rubuta ra'ayinsu, huɗu suka ƙi, cikinsu har da Brett Kavanaugh.

A nan ne rahotanni da yawa suka ruɗa mutane. Kududdufan kwancin kambasbak sun rasa yawancin kariyar wannan doka tun 2001. Hukuncin 2023 ya rufe ƙofar da ake fatan dawo da su ta ita, bai buɗe sabuwar ɓaraka a kansu ba. Inda ya fi yin tasiri kai tsaye shi ne dausayoyin gefen koguna da mashigai, waɗanda ke tace laka da taki kafin su isa inda ciyawar hunturu take. Bugu da ƙari, kaso mai yawa na sheƙun yana Kanada ne, inda hukuncin kotun Amurka ba ya aiki, kowane lardi da nasa tsarin.

Abin da ke riƙe da kududdufan ɓangaren Amurka abu biyu ne. Akwai sharaɗin dokar noma ta 1985: manomin da ya zuƙe dausayi don ya shuka zai rasa tallafin gwamnati, kuma tun 2014 sharaɗin ya haɗa da tallafin inshorar amfanin gona. Akwai kuma yarjejeniyoyin da hukumar kifi da namun daji ke ƙullawa da manoma tun wajen 1958 da kuɗin kan sarki, inda ake biyan mai gona sau ɗaya, gonar ta ci gaba da zama tasa, amma ba zai zuƙe ko cike kududdufin ba har abada, ko shi ko wanda ya saya daga gare shi.

Yadda kowane ɓangare ke kallon abin

Ƙungiyoyin manoma da magina sun yi maraba da hukuncin. Hujjarsu ita ce tsohon ma'aunin ya yi duhu, mutum ba zai iya tsayawa a gonarsa ya san ko damshin da yake gani yana ƙarƙashin dokar tarayya ba sai ya ɗauki lauya da masani, ga tara mai nauyi idan ya kuskure. Manomin masara a Dakota yana da nasa lissafin na zahiri: manyan injina ba sa son kewaye-kewaye, kuma kowane kududdufi fili ne da yake biya wa haraji ba ya girbe komai a kai. Wannan ƙorafi yana da tushe.

Masana ruwa na cewa kalmar "keɓaɓɓe" da ake kiran waɗannan tafkuna da ita ba ta dace da yadda ruwa ke tafiya ba. Suna haɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa, kuma a shekara mai ruwa ɗaya kan cika ya tumbatsa cikin na gaba har a isa rafi. Ma'aunin da ke duba saman ƙasa kawai ya sauƙaƙa aikin lauya, amma ya bar rabin labarin a waje. Ana ƙiyasta cewa fiye da rabin dausayoyin yankin an riga an zuƙe su, a Iowa kuma kusan kashi 90 cikin 100.

Maharba sun tsaya a tsakiya. Da yawansu mutanen karkara ne masu ra'ayin siyasa irin na manoman, amma su ne suka fi kowa zuba kuɗi a dausayi. Saboda haka manyan ƙungiyoyinsu sun fi karkata ga biyan manomi ya bar ruwan da yardarsa. Raunin wannan hanya shi ne idan farashin masara da waken suya ya tashi, abin da za a biya bai kai ribar zuƙewa ba, sannan sharaɗin 1985 ba ya kama manomin da ya zaɓi ya haƙura da tallafin.

Abin da zai taɓa talaka

Kududdufi rumbun ruwa ne. Idan aka shimfiɗa bututu aka zuƙe shi, ruwan da zai zauna makonni yana tsiyaya sai ya isa kogi cikin kwanaki, kuma garuruwan bakin kogin Red kamar Fargo, da Grand Forks wanda ambaliyar 1997 ta yi wa mummunar ɓarna, su ke karɓarsa. Ruwan bututun yakan ɗauko ragowar taki, wanda kamfanonin ruwan sha na birane za su kashe kuɗi su tace, kuɗin ya koma kan mai biyan kuɗin famfo. A Chesapeake, ciyawar da agwagwa ke ci ita ce maɓoyar 'ya'yan kaguwa da ƙananan kifaye, wanda masuntan Maryland da Virginia ke rayuwa a kansu. Ga maharbi kuma sakamakon yana zuwa a takardar dokokin kowace shekara: kambasbak biyu a rana, ko ɗaya, ko babu.

Mai karatu a ƙasar Hausa yana da dangin wannan tsuntsuwa a kusa da shi. Aythya nyroca, agwagwa mai nutso ruwan ƙasa wadda toronta ke da farin ido, tana kwanci a gabashin Turai da Asiya, ta ƙetare Sahara ta yi hunturu a dausayin Hadejia da Nguru da tafkin Chadi, tare da kirinjijiya da dinya. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika wannan fadama ta ragu, ruwan da ba ya janyewa a wasu wurare kuma ya ba kachalla damar mamaye hanyoyin ruwa da gonakin shinkafa.

A Amurka, ikon yanke shawara kan dausayin da ya fita daga dokar tarayya ya koma hannun jihohi, kuma ba tafiyarsu ɗaya ba. Minnesota tana da nata dokar kare dausayi tun 1991, Colorado ta kafa sabuwa a 2024 don cike giɓin da hukuncin ya bari, yayin da jihohin Dakota biyu, inda kududdufan ɓangaren Amurka suka fi yawa, suka fi dogara da sharaɗin tallafin noma, wanda majalisar tarayya ke iya sake dubawa duk lokacin da ta zo sabunta dokar noma.